Kunyar 'Yar Fari a Gidan Ƙuli

Leɓen Ummita na sama ya kumbura har ya kusa toshe mata hanci, amma a gidan Hajiya Dije ba wanda ya ajiye aikinsa. Ranar matsar mai ce. Mata biyu suna gaban turmi suna juya markaɗen gyaɗa, mai yana tasowa, ɗaya kuma tana gaban kasko tana tsamo ƙuli-ƙuli. Ƙamshi ya cika tsakar gida, ya haura katanga ya bi layi. A duk Nasarawa, har Kakuri da Makera, in aka ce ƙulin Hajiya Dije, to an gama magana.

Safiya, matar ɗan Hajiya, tana bakin famfo tana wanke-wanke, kuma ita ta fara ganin leɓen. Ta ga yarinyar tana sosa wuya da hannu bibbiyu, ta ga rudu-rudu sun feso mata a damatsa. Hannunta ya tsaya cik cikin kumfa. Amma ba ta tashi ba, domin Ummita 'yar farinta ce, Hajiya kuma tana zaune a kan tabarma tana ƙulla ƙuli a leda.

Wanda bai san al'adar ba zai ce Safiya ba ta da imani. 'Yar fari ba a nuna mata so a gaban manya. Ba a ɗaukarta, ba a kiran sunanta, in ta faɗi sai uwa ta kau da kai kamar 'yar maƙwabta ce ta faɗi. Ga shi kuma sunan Hajiya aka sa wa yarinyar, kunya ta zama biyu. Tun ranar da aka yaye ta aka kai ta ɗakin kakarta, can take ci, can take kwana, har ta kai shekara huɗu. Hajiya take kira Mama. Safiya kuwa Anti take ce mata, yadda ta ji yaran layi suna faɗa. Safiya ta riƙe wannan kunya har ta yi suna da ita. "Matar Isiyaku akwai kara," haka mata suke cewa a gidan biki, kuma ba za a ɓoye ba, yabon yana yi mata daɗi.

"Hajiya," in ji ta, murya can ƙasa, idonta a kan kwanon da take wankewa, "kamar bakin yarinyar nan ya ɗan tashi."

Hajiya ta ɗago. "Zo nan, takwara." Ta kama haɓar yarinyar ta juya ta hagu da dama. "Zafi ne yake fita. Ai gara ya fito da ya zauna a ciki."

Ta miƙa hannu ta dangwalo sabon man da aka matse, da ɗuminsa, ta shafe mata leɓe da wuya da damatsa, tana yi tana mata waƙa. Da so ta yi, wannan kam ba mai musu. Kafin la'asar wuyan ya yi jawur kamar an watsa masa ruwan zafi, yarinyar ta sosa har ta fitar da jini.

A ɗakunan waje akwai wata 'yar haya mai suna Irene, mutuniyar Filato, nas ce a wani ƙaramin asibiti a Narayi. Ta dawo daga aiki ta tarar da Ummita zaune a zaure tana haɗiyar yawu da ƙyar. Ta tsuguna ta dudduba ta, sannan ta shiga ta sami Safiya a kicin.

"Maman Ummita," ta ce. Ita kaɗai ce a gidan take kiranta haka, kuma duk sa'ad da ta faɗa sai Safiya ta waiga ta ga ko wani ya ji. "Wannan ba zafi ba ne o. Borin jini ne. Me ta ci?"

"Ƙuli ta ɗauka a faranti."

"Duk ranar da kuke suya sai yarinyar nan ta kumbura. Ke ba ki lura ba?"

Ta lura. Tun ranar da aka yaye ta da kunun gyaɗa ta amayar da shi gaba ɗaya Safiya ta lura. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Amma lura daban, faɗa daban.

Sai da ta yi dabara kafin ta kai yarinyar asibiti. Ta ce za ta gaida gwaggonta a Tudun Wada, Hajiya da kanta ta ce a tafi da takwara ta sha iska. Suna fita titi suka juya Narayi, inda Irene take jiransu. Likitan ya yi tambayoyi masu yawa, ya duba fatar yarinyar, ya saurari ƙirjinta, sannan ya dubi Safiya.

"Jikinta ba ya karɓar gyaɗa," in ji shi. "Ba iyayi ba ne, ba zaɓen abinci ba ne. Jikin ne yake ɗaukar gyaɗa a matsayin abokiyar gaba, ya tashi faɗa da ita, faɗan kuma a kan yarinyar yake ƙarewa. Ƙuli, kunu, man da ake matsewa a gida, yajin tsire, kwaɗo, miyar da aka sa wa tunkuza, duk a nisanta ta da su. Ko a fata kada a shafa mata. Yau kumburin leɓe ne, gobe ba wanda ya san inda zai tsaya. Ga maganin ƙaiƙayi. Amma ki ji da kyau, ranar da kika ji muryarta ta dushe ko numfashinta yana sarƙewa, wannan maganin ba zai yi komai ba. Ki ɗauko ta da gudu, kuma abin da za ki fara faɗa tun daga bakin ƙofa shi ne gyaɗa ta ci. Akwai allurar da ake yi nan take."

Safiya ta san abin da za a ce a gida, don haka ta tambaya. "Likita, in ana ba ta kaɗan-kaɗan, ba za ta saba ba?"

"Kada ku gwada wannan a gida. Da kaɗan ɗin ake rasa yara."

Mijinta Isiyaku direban Keke Napep ne, tsakanin Kakuri da Sabo yake jigila. Mutum ne mai sanyin hali, irin sanyin da ba ya hana komai faruwa. Ta faɗa masa bayan magariba yana cin tuwo. Ya ajiye lomar da ya yanko.

"Yanzu ke so kike in je in ce wa Hajiya gyaɗarta guba ce?"

"Ba haka na ce ba, Malam. Ga yarinyar ne kawai."

"Da gyaɗar nan ta raine mu bayan rasuwar Baba. Keken nan da nake ja, daga kaskonta ya fito." Ya ture kwanon gefe. "Bari dai. Zan san yadda zan ɓullo mata."

Yadda ya ɓullo mata kuwa, ya shiga yana sosa ƙeya ya ce wai likitoci sun ce a ɗan rage wa Ummita gyaɗa. Maganar da aka ce a daina gaba ɗaya, tun kafin ta haye dokin ƙofa ta koma a ɗan rage.

Hajiya ba ta amsa masa a ɗaki ba. Washegari ta amsa, a tsakar gida, gaban matan da suke mata aiki.

"Yau na ga zamani. Jinina, takwarata, a ce gyaɗa ta ƙi ta? Ni da na tsufa hannuna cikin gyaɗa, ban taɓa jin ta kashe ko ɗan tsako ba. Wannan cutar 'yan boko ce, a waya ake ɗaukota. Mu a zamaninmu, in jikin yaro ya ƙi abu, da abin ake maganinsa. Kaɗan yau, kaɗan gobe, har jiki ya sallama. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Ta gyara zama, ba ta dubi inda Safiya take ba. "Ashe kuma Tudun Wada ta koma Narayi ban sani ba. 'Yar fari dai, an goya an yi asibiti da ita a ɓoye. Allah ya kyauta."

Matan suka yi 'yar dariya. Safiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wannan magana ta ƙarshe ta fi duk sauran yi mata ciwo, kuma ita ce ta ɗinke mata baki.

Daga nan kwanakin Ummita suka fara lalacewa. Hajiya ta ce wa ɗanta ta daina ba ta gyaɗa, tunda an ce abincinta ya zama abin gudu. Safiya ta sami wata ƙaramar tukunya tana dafa wa yarinyar nata daban da manja, ta ba ta a bayan ɗaki a gurguje, sai ka ce satar ciyar da ita take yi. Amma tuwon dare a ɗakin Hajiya ake cinsa, labule a sake. Da safe in an fito da kwanuka, Safiya takan kai kwanon yarinyar hancinta kafin ta tsoma shi a ruwa. Miyar kuka ce, amma can ƙasan daddawa da barkono akwai ƙamshin da ba ta isa ta manta ba. Ɗan kan cokali ne na tunkuza ake sawa, ba ya wuce haka.

Tari ya kama yarinyar, busasshe, ba majina. Wata rana ta tashi idonta ɗaya a rufe, wata rana ciki ya murɗa mata ta yi ta amai. Fatar wuyanta da bayan gwiwoyinta ta yi kaushi ta tsattsage. Malamar Islamiyya ta maido ta gida ta ce ƙazuwa ce, kada ta shafa wa sauran yara. Yaran layi suka daina zama da ita, in ban da Faith, 'yar Irene. Yarinyar da a da take bin kaskon suya da rawa ta koma tsoron abinci. Sai ta sa loma a baki ta riƙe ta a kunci, ba ta tauna ba, ba ta tofar ba, tana bin mutane da ido.

Wata rana da hantsi ta zo ta tsuguna kusa da Safiya a bakin famfo.

"Anti, miyar Mama tana cizona a maƙogwaro."

Safiya ta waiga. Ba kowa a tsakar gidan. "To ki ce kin ƙoshi."

"In na ce na ƙoshi sai ta ce ba na son ta. Ni kuma ina son ta."

Safiya ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga cikin ruwan wanke-wanke. Ta so ta rungume ta. Sai ta ji motsin takalmi daga zaure, ta ce, "Tashi ki je ki yi wasa."

Ta koma wa Isiyaku da maganar. Ya ce ai Hajiya ta ce ta daina, ko uwarsa za ta ƙaryata? Ta ce ta ji ƙamshin a kwano. Ya ce gidan nan gaba ɗaya ƙamshin gyaɗa yake, har filon da suke kwana a kai. Ta ce ga tarin nan. Ya ce damina ce, wane yaro ne ba ya tari a Kaduna? Da ta matsa sai ya ɗauki makullin kekensa ya ce aljannarsa tana ƙarƙashin ƙafar uwarsa, ba zai saɓa mata a kan cokalin miya ba, ya fita.

Irene ta gwada nata. Ta shiga ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta yi bayani a tsanake, har ta ce ta taɓa ganin yaron da irin wannan ya shaƙe. Hajiya ta saurare ta har ƙarshe, ta ɗebo ƙuli ta ƙulla mata a leda ta ce a kai wa Faith.

"Maman Faith, na gode. Allurarki tana asibiti, tarbiyyar jikata tana hannuna. Kowa ya tsaya a nasa."

Irene ta fito ta tarar da Safiya tana shanya. "Abeg, don Allah ki ɗauki 'yarki ki mayar ɗakinki," ta ce. "Wannan kunya naku, in wani abu ya faru, shi ne zai yi kuka ko ke?"

Safiya ta ci gaba da shanyarta. Abin takaici shi ne babu mugu ko ɗaya a gidan. Kowa yana son Ummita, kuma kowa yana da abin da ya fi tsoro a kan ciwonta. Hajiya tana tsoron a ce sana'arta da saninta sun zama banza. Isiyaku yana tsoron ɓacin ran uwarsa. Safiya kuwa tana tsoron bakin mata.

Ranar wata Juma'a da rana, maza sun tafi masallaci, Hajiya ta dama kunun gyaɗa mai kauri don matan da suke suya tun safe. Ranta fes yake, an yi ciniki. Ta cika kofi ta kira takwararta, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Bari yau in faɗa muku wata magana. Tun ranar da aka zo mini da zancen asibitin nan nake sa wa yarinyar nan kaɗan-kaɗan a miya. Ga ta nan tsaye, ta mutu? Jiki ya gama sabawa. Gani ya kori ji. Karɓi, takwara, shanye ki kunyata likita."

Ummita ta karɓi kofin da hannu biyu. Ba ta kai baki ba. Ta juya ta nemi Safiya da ido, ta same ta tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Anti?"

Duk matan suka juyo suna kallon Safiya. Ta buɗe baki. Kalma ɗaya ce tak ake bukata, tana nan a kan harshenta. Ta ga idon Hajiya, ta ga murmushin matan da suke jiran su ga ko matar Isiyaku za ta yi abin faɗa. Sai ta sunkuyar da kai. Yarinyar ta ga Anti ba ta hana ba, ta kafa kai ta shanye.

"Kun gani?" in ji Hajiya, tana share mata baki da gefen zani.

Ba a gama raba wa matan nasu kunun ba Ummita ta fara tari. Ta kira Mama, muryar ta fito a dushe kamar ta tsohuwa. Leɓɓanta suka cika, fuskarta ta haye, ta amayar da kunun a kan tabarma. Sai numfashi ya fara fita da wani siririn sauti, tana jansa da wuya da kafaɗu, tana dafe ƙirji. Wata ta ce a ɗura mata manja. Wata ta ce iska ce, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Hajiya tana tofa mata addu'a. Irene tana wurin aiki.

"A kai ta asibiti," in ji Safiya. Ba wanda ya ji. Allah ya sa a daidai lokacin Isiyaku ya dawo daga masallaci. Yana ganin yarinyar ya koma ya tayar da keke.

Hajiya ce ta ɗauke ta, ita ta rungume ta a kujerar baya. Safiya ta raɓa a gefe, takalman yarinyar a hannunta, ita ko nata ba ta sa ba. Isiyaku yana kutsawa tsakanin tireloli da 'yan acaɓa yana danna oda. Kafin su isa asibiti mafi kusa, leɓɓan Ummita sun fara duhu, kanta yana langaɓewa.

Aka shimfiɗa ta a kan gado. Wata likita matashiya ta zo da sauri, tana sa abin sauraren ƙirji a kunne tana tambaya.

"Wace ce uwarta?"

"Ni ce," in ji Hajiya.

"Me ta ci? Ta sha wani magani? Wani abu ya harbe ta?"

"Ba ta ci komai ba, 'yar nan. Tuwo ne kawai. Tari ne da ita, ya daɗe yana damunta."

Likitar ta dubi Isiyaku. Isiyaku ya dubi ƙasa. Ta juya ta ce wa nas a kawo abin shaƙa na masu asma.

Safiya tana bayansu jikin bango. Ta tuna abin da aka ce ta fara faɗa tun daga bakin ƙofa, ga shi an wuce ƙofar, an yi ƙarya a kai, ita tana tsaye riƙe da takalma. Ta dubi ƙirjin yarinyar, ta ga da ƙyar yake ɗagawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ratsa tsakanin mijinta da surukarta, har kafaɗarta ta bugi ta Hajiya.

"Ni ce uwarta. Ni na haife ta." Ba ta taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba. "Gyaɗa ta sha, kunu, kofi guda. Jikinta ba ya karɓar gyaɗa, an faɗa mana a asibiti, an ce akwai allura. Yanzun nan ta sha."

Likitar ba ta ƙara tambaya ba. Ta kira sunan wani magani, nas ta ruga ta kawo, aka soka wa yarinyar allura a cinya, aka rufa mata abin iska a fuska, aka ɗaura ruwa. Safiya ta durƙusa ta kama hannun 'yarta a gaban kowa, tana kiran sunanta na yanka, sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar suna. Da abin bai saki ba aka ƙara wata allurar. Can sai siririn sautin ya fara lafawa, ƙirjin ya fara ɗagawa sosai, yarinyar ta buɗe ido ta fashe da kuka. Safiya ba ta taɓa jin kuka mai daɗi irin wannan ba.

Aka riƙe su har washegari. Likitar ta kira su su ukun ta yi musu magana ba sassauci. Ta ce da an ƙara ɓata lokaci da gawa za su koma. Ta ce ba wani sabo da jikin ya yi, kasada aka yi ta yi da ranta ana tsira, kuma na gaba zai iya fin wannan sauri. Hajiya ta yi kuka sosai a barandar asibitin, ta ce da ta rasa takwara da ita ma ba za ta ƙara kwana ba. Safiya ta ɗauka an gama.

Ba a gama ba. Suna komawa gida Isiyaku ya same ta a ɗaki.

"Ki je ki ba Hajiya haƙuri."

"Haƙurin me, Malam?"

"Kin ƙaryata ta a gaban jama'a, har da bangaza. Da kin bari ai da na faɗa wa likitar a hankali."

"Yaushe? Ai ƙasa kake kallo."

Ya ɗauki makullin kekensa. Da zai fita ya ce zai nema musu ɗaki a Romi in hali ya yi. Ta san irin wannan halin, ba ya cika yi ba.

Labarin da ya zaga layin kuwa ba shi ne an kusa kashe yarinya da kofin kunu ba. Wannan an ce tsautsayi ne, wasu suka ce kambun baka, wasu suka ce ai da ma kwananta bai ƙare ba. Labarin da ya yi ƙafa shi ne matar Isiyaku ta tsaya a tsakiyar asibiti ta ce ni na haife ta, ta kira sunan surukarta gatsal. Matan da suka ce a ɗura manja su ne suka fi kowa riƙe baki. A gidan suna na layin baya aka ce da ma kara ta munafunci ce, yau ga halinta ya fito. Ba wanda ya tambayi wa ya dama kunun. Ba wanda ya tambayi abin da ya sa uba ya yi shiru. Wadda ta yi magana ita ce mai laifi, kuma da ta yi shiru an dawo da gawa, da yanzu ana nan ana yabonta, ana cewa dubi Safiya, ko hawaye ba ta yi ba, 'yar fari ce.

Wannan tunanin ne ya tashe ta tsaye. Ta yi sallama a ƙofar Hajiya, ta durƙusa ta gaishe ta yadda ta saba. Hajiya ta amsa a daƙile, tana jiran ban haƙuri. Safiya ta tashi ta buɗe akwatin da ke gefen gado, ta kwashe kayan yarinyar, ta ɗauki filonta da allonta da kwanonta.

"Me nake gani haka?" in ji Hajiya.

"Za ta koma ɗakina, Hajiya. Abin da za ta ci daga hannuna zai fito. Kullum za ta zo ta gaishe ki, amma da ni."

"Ashe ba ki da kunya."

"Ina da ita, Hajiya. Ita ce ta sa na tsaya ina kallo ta shanye kunun nan."

Ta fito da kayan a rungume, ta ratsa tsakar gida, matan suna bin ta da kallo. Ba ta tsaya ba sai ɗakinta.

Da la'asar ta zaunar da Ummita a gabanta tana shafa mata maganin da aka ba su a wuya. An rufe taga saboda hayaƙin suya, don ranar ma ba a fasa ba. Tana shafawa tana koya mata.

"In an ba ki abu a waje, me za ki ce?"

"Ba na cin gyaɗa."

"Ko ƙuli, ko kunu, ko tsire, ko alewar da ba ki sani ba. Ki kawo mini in gani tukuna."

Yarinyar ta ɗago kai. "Anti, in Mama ce ta ba ni fa?"

"Ki ce uwarki ta hana."

"Wace ce uwata?"

Safiya ta dakata da shafa maganin. Shekara huɗu tana gida ɗaya da yarinyar, tana wanke mata kaya, tana jin tarinta ta bango, ashe ba wanda ya taɓa faɗa mata.

"Ni ce," ta ce.

Daga tsakar gida muryar Hajiya ta taso, a sanyaye, kamar kullum. "Takwara, zo ki karɓa."

Ummita ta yunƙura za ta tashi, don haka ta saba. Safiya ta riƙe hannunta ta zaunar da ita. Sannan ta miƙe da kanta, ta ɗaga labule, ta tsaya a bakin ƙofa inda kowa zai gan ta.

"Me za a ba ta, Hajiya? A kawo in gani."